Kwarkwaron da Amarya Ta Ƙi Sayowa

"…to madalla. Ya gajiyar hanya? Ko da yake wace gajiya, mutum ya fita tun hantsi ya dawo yana kaɗa hannu kamar wanda ya je ganin gari."

"Gajiya ta bi lafiya, Angona. Ya ƙafar taka?"

"Tana nan inda kika bar ta. Ina saƙona?"

"Ban sayo ba."

"An rufe kasuwar ne?"

"A buɗe take."

"To ɓarayi sun tare ki?"

"Wane ɓarawo zai tare matar tsoho? Ai da ganina sun san ba a ajiye komai a gidanmu."

Ina bakin ƙofa ina guga lokacin da suka fara. Da jin "ban sayo ba" ɗin nan na jingine dutsen gugar na gyara tsayuwa, don na san yau akwai kallo. Mai tambayar Baba ne, mahaifina, wanda har yanzu unguwa ke kira Mai Keke duk da ya rufe shago shekara tara ke nan. Shekara arba'in da biyu ya yi yana gyaran keken ɗinki. Mai ba shi amsa kuwa 'yar yayana ce, shekarunta sha tara, wadda tun tana cikin tsumma Baba ya ce amaryarsa ce, har sunan ya bi ta. Kullum sai ya sake ta sau uku kafin azahar, ita kuma kullum sai ta ce da ma zaman haƙuri take yi.

Aiken da ya yi mata ba wani babba ba ne. Tsohon kekensa na takawa, guda ɗaya da ya rage masa bayan ya rabar da kayan shago, ya fara tsallake ɗinki. Baba ya ce kwarkwaro ne ya lalace, ɗan ƙarfen nan da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa, ya aike ta ta sayo sabo. Amma ni na san ba maganar kwarkwaro ce a ranta ba. Jami'a ta ba ta gurbi, jibi Litinin ake rufe rajista, ita kuma ta ce wa ubanta makarantar koyon gyaran injinan ɗinki take so. Yaya ya ce ba shi da ta cewa, ta je ta nemo yardar Baba, da yamma zai zo ya ji daga bakinsa. Baba kuwa kowa ya san rantsuwarsa: babu jininsa da zai sake riƙe sukundireba don neman abinci. Sai dai har lokacin babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa abin da ake ciki, ni ma ban yi ba.

"To in ba a rufe kasuwa ba, kuma ba a tare ki ba," in ji Baba, "me ya hana ki sayo abin da mijinki ya aike ki?"

"Tausayi."

"Na wa?"

"Na kwarkwaro. Za ka kore shi daga aiki bai yi laifin komai ba."

"Ke Gwaggonta, kin ji? Kin ji abin da na auro? Yarinyar da jiya-jiya nake goye da ita tana yi min fitsari a riga, yau ita ce lauyar kwarkwaro."

"Ai rigar ce ba ta da kyau, na taimaka mata."

"Na sake ki."

"Na yau na farko ke nan. Saura biyu, ka riƙa tattali, rana da sauran tsawo."

Ta ajiye jakarta a kan tabarma ta nufi keken da ke ƙarƙashin taga. Ta yaye tsohon zanen da ake rufe shi da shi, ta zauna a kan kujerar, ta cusa wani ƙyalle ta taka. Keken ya tafi, ɗinki uku ya kama, biyu ya tsallake, huɗu ya kama, ɗaya ya tsallake. Ta sunkuyar da kai har kunnenta ya kusa taɓa ƙarfen, ta sake takawa a hankali.

"Ka ji?" ta ce.

"Na ji me? Na ji amaryata na neman karya min keke."

"Sandar allura ce ta zame sama. Bai fi kaurin farce ba. Ƙugiya tana zuwa ɗaukar zare, sai ta tarar bai iso ba tukuna, ta wuce hannu banza."

Baba ya gyara zaman hularsa, abin da yake yi in magana ta same shi inda bai shirya ba.

"Sandar allura," ya ce. "Ke kin san sandar allura? Ke da ko allurar hannu aka ba ki sai kin kira mutum uku su zura miki zare."

"Ba ni sukundirebarka mai ƙotar katako in nuna maka."

"Wannan sukundireba ta girmi ubanki. Ba ta gaisawa da yara."

"Ai na girmi yara, ni matar aure ce. Ko ka manta don ba ka taɓa saya min ko ɗan kunne ba?"

"Na saya miki. Kika haɗiye ɗaya kina shekara biyu, muka kwana biyu muna gadin ki."

Duk da haka ya miƙa hannu ƙarƙashin matashin kai ya zaro ta. A nan take kwana, tun da ya rufe shago. Ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi saboda riƙo. Bai ba ta a hannu ba, ya ajiye a ƙasa ya tura mata da ƙafa, wai don kada a ce ya ba ta.

Ta kwance murfin gaban keken, ta ajiye notukan biyu a cikin murfin don kada su gangara. Baba ya ga wannan, ni ma na ga ya gani. Shi kaɗai na taɓa ganin yana ajiye noti haka.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wani tsoho mai faɗa. Ina zama ƙarƙashin teburinsa yana ba ni tsofaffin kwarkwaro ina wasa da su, yana zaton barci nake."

"Wannan tsohon ya koya miki ajiye noti. Bai koya miki sandar allura ba. Wa?"

Ta ɗan kalle ni. Na mayar da idona kan rigar da nake gugewa.

"Dogo," ta ce.

"Wane Dogo?"

"Naka. Wanda ka yaye. Wata goma sha huɗu ke nan ina zuwa shagonsa duk Asabar da Lahadi."

"Dogo! Dogon da ya shekara biyu bai san ta ina ake ɗaure noti ta ina ake kwance shi ba? Dogon da ya taɓa zuba wa keken mutane man girki? Shi ne ya zama malami?"

"Yanzu masana'antu uku ne ke kiransa. Injinan da ke ɗinka jakunkuna, da masu yin ado a riga da kwamfuta. In ɗaya ya tsaya, mutum talatin ne ke zama suna kallon juna har ya iso. Ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, kuma masu kwamfutar ba ya gane rubutun da suke nunawa. Ni nake karanta masa."

"Wato kin bar mijinki a gida da ciwon ƙafa kina can kina karanta wa Dogo rubutu."

"Shi aƙalla yana cewa sannu."

"Na sake ki."

"Biyu."

Ta ci gaba da aikinta. Ta sassauta notin da ke riƙe sandar, ta juya wilin keken da hannu a hankali tana leƙen ƙasa. Ba ta ɗago ba ta yi maganar, ina jin ta fi samun ƙarfin gwiwa in idonta na kan ƙarfe.

"Kaka, jami'a ta ba ni gurbi."

In ta ce masa Kaka, ba Ango ba, to wasa ya koma gefe. Shi ma ya sani.

"Na ji. Ai ni aka fara yi wa albishir. Har na ce a fitar min da farar rigata, ga ta a jikina, ubanki zai zo mu yi murna."

"Ba na son zuwa. Akwai makarantar koyon gyaran injinan ɗinki, shekara biyu, rabi a aji rabi a masana'anta. Can nake so. Abba ya ce shi ba zai hana ni ba kuma ba zai yarda ba, magana taka ce. Ya ce kai ka fitar da shi daga cikin baƙin mai, ba zai mayar da 'yarsa ciki da hannunsa ba."

Na zaci Baba zai ɗaga murya. Bai ɗaga ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Amarya," ya ce, "kin san me ake kiran mai gyara?"

"Mai gyara."

"A'a. 'Kai' ake kiransa. Kai, zo ka duba wannan. Kai, har yanzu ba ka gama ba? Shekara arba'in da biyu ina amsa 'kai'. Mutum zai tsaya a kanka da takalmi mai ƙyalli, bai san ko allura ta ina take shiga ba, yana koya maka aikinka. Ranar da ka gyara, keken ne mai kyau. Ranar da ya sake tsayawa, kai ne ɓarawo."

"A ofis ma ana ce wa mutane 'kai'. Tambayi Gwaggo."

"Kada ki sa ni a ciki," na ce. Amma gaskiya ta faɗa. Takardata ta jami'a tana cikin akwati a ƙarƙashin gado, na yi shekara shida ina amsa waya a ofishin wani kafin a ce an rage ma'aikata. Ba na nadamar karatuna, ya buɗe min ido. Sai dai bai taɓa tambayata ko ina son sa ba, ni ma ban tambayi kaina ba.

"Bar Gwaggonki," in ji Baba. "Dubi bayana, ya lanƙwashe. Dubi idona. Mai ofis in ya tsufa ana ba shi wani abu duk wata. Mai gyara in ya tsufa, ranar da hannu ya fara rawa ranar aiki ya ƙare. Kuma ke mace ce. Za ki shiga masana'anta da akwatin kayan aiki, su ce ina mai gyaran, ki ce ni ce, su ce a'a, muna nufin maigidanki."

"Sun riga sun faɗa. Sau huɗu."

"Kika ce me?"

"Na ce maigidana yana gida, haƙoransa biyar, ba ya fita rana. Sannan na gyara musu injin."

Baba ya so ya yi dariya, ya danne ta da tari.

"Shida ne," ya ce. "Akwai ɗaya a can ciki da ba ya son mutane."

"Kaka, ni ba gudun karatu nake ba. Littafin injin ɗin nan mai kwamfuta ya fi na lissafin makarantarmu kauri, kuma na cinye shi sau biyu ba wanda ya sa ni. A aji ina zama ne ina jiran a tashi. A shagon Dogo sai ya kore ni nake sanin yamma ta yi. In na je jami'a zan gama, na sani, ba zan ba ku kunya ba. Amma shekara huɗu zan yi ina jiran Asabar."

"Shekara huɗu ba komai ba ne."

"A wurinka. Kai da ka ga lokacin da aka ƙirƙiro allura."

"Ni na ba su shawarar su yi mata ido."

Ta yi murmushi, amma ba ta bar shi ya gudu cikin wasan ba. Ta ajiye sukundirebar ta nuna bango da haɓa. A can hoton yake, cikin gilashi, sama da rediyo: Yaya ranar da ya karɓi digirinsa, da doguwar riga da hula mai tuntu, Baba a gefensa a tsaye ƙyam.

"Tun ina ƙarama nake son in tambaye ka. Me ka ɓoye a bayanka a hoton nan?"

"Kuɗin aurenki. Na fasa biya da na ga halinki."

"Ba a haife ni ba lokacin. Duk hotunan da na gani na irin wannan rana, uba yana dafa kafaɗar ɗansa. Kai hannunka biyu a baya kamar an kama ka da laifi."

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Ni ina wurin ranar, shekaruna sha biyar, amma ban taɓa jin ya yi maganar ba.

"Kwana uku na yi ban taɓa keke ba kafin ranar," ya ce. "Na wanke hannuna da sabulu, na wanke da kananzir, na goge da yashi har fata ta yi ja. Baƙin da ke cikin tsagar yatsu da ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Mai hoto ya ce, Baba dafa kafaɗarsa. Na ɗaga hannu. Ubanki ya kalli hannun, ya ɗan janye kafaɗa, ya ce, Baba bari, rigar ta haya ce."

Ya sauke idonsa daga hoton.

"Ban ji haushinsa ba," ya ci gaba. "Yaro ne, ga abokansa, ga iyayensu da hannaye kamar ba su taɓa ɗaukar ko tsintsiya ba. Na mayar da hannuna baya. A nan tsaye na yi rantsuwar. Na ce ba ɗana, ba jikana, da zai sake tsayawa a gaban mai hoto yana neman inda zai sa hannunsa."

A nan ne na kasa yin shiru. Shekara ashirin da biyar ina ganin hoton nan kullum, ban taɓa sanin abin da Baba ya ɗauka daga ranar ba, kuma raina ya ɓaci, da shi da Yaya da ni kaina.

"Baba," na ce, "rigar fa ta haya ce da gaske. Ni na raka Yaya karɓo ta. Mai bayarwar ya ce ko ɗigon mai ya gani a jikinta ba zai karɓa ba, sai an sayi sabuwa. Yaya ya san keke nawa ka gyara kafin a hayo ta. Tun daga gida yake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ni ma da na taɓa hannun rigar sai da ya buge min yatsu. Kuma da aka wanko hoton, ya zo ɗakina ya ce, kin ga Baba ko dafa ni bai yi ba."

Baba ya juyo ya kalle ni kamar yau ya fara ganina.

"Ya ce haka?"

"Ya ce. Na zaci kun daɗe da yin maganar."

"Mu? Ni da ubanta?" Ya girgiza kai. "Mu ba ma magana. Gaisawa muke yi."

Amarya ta ɗauki sukundirebar. Ta koma kan keken. Ta sauke sandar kaɗan, ta leƙa, ta ƙara saukewa, ta juya wilin har bakin ƙugiyar ya wuce daidai saman idon allurar. Ta ɗaure notin, ta ɗiga mai a wuri uku, ta mayar da murfin. Yatsunta duk sun yi baƙi da tsohon man da ya daskare a ciki. Ta cusa ƙyallen ta taka, keken ya tafi tiryan-tiryan har ƙarshe. Ta yanke zaren da haƙori ta miƙa wa Baba.

Ya kai ƙyallen kusa da ido, ya bi ɗinkin da farce daga farko har ƙarshe, ya juya bayan ya sake bi. Ya ja da ƙarfi ta gefe biyu.

"Hm," ya ce. "Da ma gwada ki nake yi. Na san ba kwarkwaro ba ne."

"Na sani, Angona."

"Ina so in ga ko za ki je ki zubar min da kuɗi."

"Ai na gane."

Ta faɗa da sauƙi, tana goge bakin sukundirebar da gefen zanen. Sai babban yatsanta ya tsaya a kan ƙotar, inda katakon ya lotsa ƙanana-ƙanana a jere. Ta shafa wurin, ba ta ɗago ba. Baba ya ga inda yatsan ya tsaya.

"Dogo ya gaya miki yadda nake sauraren keke?"

"Ya ce kana ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfe, ka sa ƙotar a kunne, ka faɗi ciwon kafin a buɗe."

"A da ke nan. Da kunnen ya fara tafiya sai na koma cizon ƙotar, ƙara tana bi ta haƙori ta shiga kai. Shekara shida na yi a shago ina haka, ina juya wa mutane baya don kada su gani. Bara haƙorin da nake ji da shi ya faɗi." Ya ajiye ƙyallen a cinyarsa. "Ban gwada ki ba, Amarya. Ban ji ba ne. Na yi ta takawa, ban ji komai ba, na ce bari in ce kwarkwaro."

Na juya na ci gaba da gugar rigar da na riga na gama gugewa, don kada su ga fuskata.

"Taka min," ya ce.

Ya ja jiki ya matso, ya ɗora tafin hannunsa a kan gadon keken. Ta taka a hankali, sannan da sauri. Ya rufe ido. Hannun nan da ya yi shekara tara bai taɓa mai ba ya yi fari tas, har ya yi laushi, yana rawa kaɗan tare da ƙarfen.

"Ya zauna," ya ce. "Bel ɗin ya ɗan saki, amma ya zauna."

"Na bar maka bel ɗin ne don ka sami abin faɗa."

"Kin kyauta." Ya buɗe ido. "To ji nan. Abin da na gaya miki ɗazu ban janye ko ɗaya ba. Za a ce miki 'ke'. Bayanki zai yi ciwo. Wata rana za ki ga ƙawarki ta fito daga mota da takalmi mai tsini, ke kina tsugune a ƙarƙashin inji, ranki zai sosu, kada ki ce ban gaya miki ba."

"Ba zan ce ba."

"Kuma makarantar nan ki gama ta, ki karɓo takardarta. Ni ban da takarda, shi ya sa duk wanda ya ga dama yake yanka min farashi. In bayan shekara biyu kika ji jami'ar kike so, ki faɗa da bakinki, ba abin kunya ba ne, ba inda za ta gudu. Abu ɗaya ne ban yarda ba, ki yi aiki kina ɓoye hannu. In za ki ɓoye, gara ki tafi ofis tun yanzu."

"Wato ka yarda?"

"Wa ya ce na yarda? Cewa na yi na gaji da ciyar da matar da ba ta kawo komai. Je ki nemo."

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata, ta rasa da me za ta share saboda yatsun, sai ta goge da bayan hannu ta bar baƙin layi a kumatu. Ta miƙo masa sukundirebar da hannu biyu.

"Me zan yi da ita?" ya ce. "Ba ni da haƙorin jin ta. Riƙe. Amma ki sani aro ne, in kin ɓatar da ita sai saki na uku ya hau kanki."

"Shekara sha tara da aure, yau ka fara ba ni kyauta, ita ma tsohuwa, an ciccije ta."

"Daidai da mijin. Gwaggonta, kawo wayarki ki ɗauke mu. Ubanta na da hoto a bango, ni ma ina son nawa."

Na ɗauko wayar. Ya miƙe da ƙyar yana dafa keken, ya gyara farar rigar, wadda ni na wanke na goge da safe. Amarya ta tsaya a gefensa. Ina ɗaga wayar na ga ta kalli yatsunta, ta kalli rigar, ba ta ma san ta yi ba, ta mayar da hannu biyu baya.

"Ina hannun?" in ji Baba.

"Kaka, duk mai ne. Bari in wanko."

"Kawo shi nan."

"Rigarka fara ce fa."

Ya kamo wuyan hannunta da kansa, ya ɗora a kafaɗarsa, ya danne da nasa a sama.

"Dafa da kyau," ya ce. "Wannan ba ta haya ba ce."

Na ɗauka, sau uku. Da ta ɗage hannun, yatsu biyar suka fito baƙi ƙirin a kan farin yadin. Na ce ya cire in jiƙa tun bai kama ba, ya buge min hannu.

"Ba mai taɓa ta. Haka ubanta zai zo ya same ni. In ya zauna, ɗaya kafaɗar tasa ce, akwai dafawar da nake binsa ko yake bina, yau za mu gane." Ya koma ya zauna yana haki, ya kalli Amarya da ke ta jujjuya sukundirebar a hannu. "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Bel ɗin zai ɗaure kansa ne?"

"Ka ce don Allah."

"Na sake ki."

"Uku," ta ce, tana durƙusawa a gindin keken. "Yau kam na huta."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya har na ga haƙorin nan na shida.